Yadda Za Ka Kayar da Surukinka da Makiron da Aka Ce Ba Makiro Ba Ne

Kafin kowa ya buɗe baki, bari in faɗa maka: ni na fara ganin gashin ƙafar ƙuda. Ni ɗin nan. Tun masu ƙera kyamara ba su san ƙuda yana da gashi ba, tun uban surukina yana yawo ba wando, na riga na leƙa na gani, na kuma ja bakina na yi shiru don kada a ce na cika fariya. Yau da 'yan zamani suke tsalle suna cewa sun gano wani abu wai shi makiro, wato gilashin kyamara mai ɗaukar ƙananan abubuwa kusa-kusa, murmushi kawai nake yi. Wanda ya riga ka barci ai dole ya riga ka tashi.

Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Ruwan wankin hoto ya cinye mini farce, ban mutu ba. Na faɗo daga kan tsani ina ɗaukar taron ma'aikata, tsanin ne ya karye. Waya mai kyamara ta zo ta rufe shagunan hoto na layinmu kaf, wani ya koma sayar da katifa, wani ya koma ga Mahaliccinsa, ni ina nan daram. Baba Tsaya-Cak ake ce mini, don in na ɗaga hannu na ce "tsaya cak!" ko jariri sai ya haɗiye kukansa.

To, kai da kake karanta wannan, na san abin da ke cin ka. Kana da tsohon gilashi da kuka sha wuya tare, wani yaro ya zo ya ce ba makiro na gaskiya ba ne, kuma ba gilashin yake hari ba, kujerarka yake hari. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake, kada ka ƙara naka. Na ba ka tabbaci, ba wanda zai raba ka da kujerarka. Ni na bi su, kuma a kanta nake zaune yanzu haka.

Mataki na ɗaya: San wanda ke harin kujerarka

Ba zai zo da sanda ba. Da gaisuwa zai zo.

Nawa mijin babbar 'yata ne. Ita ce ke riƙe da al'amuran shago tun da ta ce wai na fara mantuwa, shi kuma ta kawo shi ya taya ni aiki. Yaro mai ladabi, ba ya haɗa ido da ni, kullum "Baba, an tashi lafiya? Baba, ya ƙafar?" Ka kiyayi mai yawan tambayar ƙafarka. Lissafin ranar da za ta ƙi tashi yake yi.

Kujerar kuwa ta katako ce mai hannu, da matashin auduga, tana bayan kantar shago tana fuskantar ƙofa. Wanda ke kanta shi ake fara gaisarwa, shi ke cewa a ɗauki wannan kyamara a bar waccan, shi ake ce wa mai shago. Tun ranar da na buɗe wurin nake kanta. Audugar ma ta ɗauki siffata.

Ana haka mai feshin ƙwari na ƙarshen layi ya shigo. Allon talla yake so a ƙofar shagonsa, da hoton kuɗin cizo ƙato, wanda duk mai wucewa zai gani ya ji jikinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya ajiye 'yan kwalabe biyu a kan kanta, kowacce da ƙwarin a ciki da ransu.

Surukina ya ce, "Baba, da za ka bar mini wannan. Aikin makiro ne."

Na ce, "Ni kuma nawa gilashin na yankan farce ne?"

'Yata tana gefe tana jin mu. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata, kuma wallahi har halin ta kwaso. Ta ce, "Baba, na gaji da wannan ja-in-ja. Ga kwalba biyu, kowa ya ɗauki ɗaya. Wanda mai feshi ya zaɓi hotonsa, kujera tasa ce. Wanda ya faɗi ya bar wa ɗan'uwansa, ba fushi."

In an yi maka irin wannan tayi, kada ka nemi lokacin tunani. Ka buga kanta ka ce ka yarda. Tunani na masu shakka ne.

Mataki na biyu: Saurari bayaninsa, amma da kunne ɗaya

Zai so ya koya maka. Bar shi. Makamin abokin gaba sai ka san tsawonsa.

Na ɗauko gilashina na nuna masa rubutun da ke jikinsa, mai ruwan lemo. Ba na karatu, amma wannan kalmar na san kamanninta kamar yadda na san fuskar matata. Na ce, "Me aka rubuta a nan?"

Ya ce, "Makiro, Baba."

"Ni na rubuta?"

"A'a, Baba."

"To?"

Sai ya durƙusa gefen kanta, ya sassauta murya kamar mai ba da labarin rasuwa. Ya ce masu ƙera gilashi sukan rubuta kalmar a jikin duk gilashin da zai iya ɗan matsawa kusa, don ya shiga kasuwa. Amma na gaskiya, in ji shi, ma'auni gare shi, ɗaya-da-ɗaya. Wato in ƙwaro tsawonsa ya kai ƙwayar shinkafa, to hotonsa da ke sauka a kan ɗan farantin cikin kyamara, inda a da fim yake zama, dole shi ma ya kai ƙwayar shinkafa cif, ba ragi. Wasu gilasan rabi suke bayarwa, ana ɗan yi musu kara a ce da su makiro. "Naka kuwa, Baba, ka yi haƙuri, kwata yake bayarwa. Ƙwaron zai sauka kamar ɗigon biro. In aka buɗa shi ya cika allo, sai ya zama kamar tabon mai a riga."

Yanzu ka kula da abin da za ka yi. Kada ka musa, don bayanin yana da kan gado. Kada kuma ka amince. Ka ƙwace shi.

Na ce, "Wannan ɗaya-da-ɗayan, wa ka ji ya ƙirƙiro shi? Zamanin fim, in na wanke, sai in ɗora abin a kan hotonsa in gani ko ya rufe shi. Ni na fara. Daga nan labari ya bazu har ya kai wa masu kamfani."

Ya ce, "Allah Sarki. To da ka ɗora, Baba, yana yin daidai?"

Irin wannan tambayar ba a amsa ta. Tari ake yi, a aike shi ya kawo ruwa.

Mataki na uku: Kawar da rula

Duk inda rula take a shagon, ɗauke ta. Yaran nan da ita suke gwada gilashi: su ɗauki hotonta, su ƙirga layukan da suka shiga, su yanke maka hukunci. Ta shagonmu na ba jikokina, tef ɗin awo kuma na ba tela aro har abada.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda bai yarda da idonsa ba shi ke yawo da katako mai zane.

Mataki na huɗu: Matsa kusa, in ta ƙi ka ari tabarau

Fito da ƙwaro ɗaya a kan farar takarda. Kafa kyamara a kan ƙafa-uku. Matsa.

Za ka ga abin mamaki. Akwai wata iyaka da in ka wuce ta, gilashin zai yi maka yaji. Ka murza dama, hazo. Ka murza hagu, hazo. Ka ja baya, hoto ya fito tas, amma ƙwaron ya koma ɗigo a tsakiyar fili kamar akuya ɗaya a filin ƙwallo. Ka sake matsawa, inuwar kanka ta rufe shi. Ka kunna fitila, zafi ya dame shi, ya kama hanya. Ni na ɗaga hannu na ce masa "tsaya cak!" Bai tsaya ba. Shi ne mahaluki na farko da ya taɓa yi mini haka, kuma na lura ba shi da tarbiyya.

A nan ne za ka tuna cewa a gidanka akwai gilashin da ke ƙara girman abu. Tabarau ɗin matarka.

Kada ka roƙa, don za a tambaye ka dalili. Jira ta ajiye ta shiga wanka. Ka kawo shago, ka manna ido ɗaya a bakin gilashinka da salatif. Ƙwaron zai ƙara girma, ba ƙarya. Sai dai gefe-gefensa zai fito da bakan gizo, tsakiyarsa kuma kamar ana kallonsa ta ƙasan kofin shayi. Sannan wurin da ke fitowa tas siriri ne kamar bawon albasa: ka saita kai, gindi ya ɓace, ka saita gindi, kai ya ɓace, ka yi numfashi, duka su ɓace. Na riƙe numfashina har sai da na ga taurari da rana tsaka, na dafa kanta.

Da na koma gida na tarar da matata a bakin taga, ta miƙa allura can nesa da fuskarta tana cakar iska da zare.

Ta ce, "Malam, ka ga tabarauna?"

Na ce, "Ke dai ba kya ajiye abu wuri ɗaya."

Ta ce, "To mene ne wannan mai danƙo a aljihunka, da salatif a kunnensa?"

Mace in ta rasa tabarau, ganinta ƙaruwa yake yi. Wannan ilimi ne da ba a koyarwa a makaranta. Miƙa mata kayanta, ka ce gyara ka kai.

Mataki na biyar: In gilashi ya ƙi ƙara girman ƙwaro, kai ka ƙara masa

Nan ne inda mai basira yake rabuwa da mai takarda. Surukina ya ce gilashina kwata yake bayarwa. To kwatan me? Kwatan abin da aka sa a gabansa. Kwatan ɗan tsako daban, kwatan zakara daban. Ashe ba gilashin ne matsala ba, ƙwaron ne ya rame.

Ka yi kiwo.

Da surukina ya fita cin abincin rana, sai in naɗe hannun riga, in kifa bakin kwalbar a damtsena, in kau da kai. Ba zan ɓoye maka ba, akwai ƙaiƙayi. Amma mutumin da tsani ya karye a ƙarƙashinsa ba ƙwaro ne zai sa shi kuka ba. Sai ka ga abin da ya shigo a shafe kamar ɓawon gyaɗa ya kumbura, ya yi jajir, ya yi sheƙi. Akwai wani a cikinsu mai kwaɗayi da na sa wa suna Babban Yaya. Shi nake sa rai zai kai ni ga nasara.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ɓoye kwalbar inda suruki ba zai taɓa kai hannu ba. Wuri ɗaya ne tak a shagon da kunya ba za ta bar shi ya taɓa ba: ƙarƙashin matashin kujerarka. Na biyu, mai rai yana bukatar iska. Sassauta murfin kaɗan.

Sun ci, sun ƙoshi, har sun fara iyali. Sai dai akwai iyakar da Allah ya yanka wa kowane mahaluki. Babban Yaya ya yi iya yinsa, bai wuce ƙwayar wake ba, kuma ƙaramin wake. Na leƙa ta gilashi na ga ɗigon biro ya zama ɗigon biro mai ƙiba.

Da na ɗaga matashi in mayar da shi cikin 'yan'uwansa, na tarar da kwalbar wayam. Sun tashi, ba sallama.

Mataki na shida: Kada ka sosa a gaban mutane

Za ka so. Kada ka yi. In ta matsa, ka jingina da hannun kujera ka goga a hankali kamar mai gyara zama.

In 'yarka ta ce, "Baba, me ya same ka a wuya?" ka ce sabon sabulu ne. In mai ɗaukar fasfo ya zauna a benci yana ta mutsu-mutsu har hoto ya girgiza, ka daka masa tsawa, ka ce yaran yanzu ba su da natsuwa. In surukinka ya tsaya yana kallon wani abu yana tafiya a kan kanta, ka ɗora kofi a kai ka tambaye shi lafiyar mahaifiyarsa.

Mataki na bakwai: Je wurin shumeka

In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Tunda kiwo ya kai iyakarsa, sai ƙira.

Nemi mai gyaran takalmi wanda kuka daɗe tare, mai hannu, wanda ba ya yawan tambaya. Nawa yana zama a gindin bangon da ke bayan shagonmu. Na tsuguna kusa da shi na ce, "Kuɗin cizo nake so ka ɗinka mini. Kamar tafin hannuna."

Ya ajiye basillarsa ya dube ni. Ya ce, "Tsaya-Cak, tsufan ne ya zo gaba ɗaya, ko kaɗan-kaɗan yake zuwa?"

Na ce, "Kai dai za ka iya ko ba za ka iya ba? In ya fi ƙarfinka in kai wa na bakin kasuwa."

Ka riƙe wannan. Mai sana'a ba a roƙonsa, sunan abokin hamayyarsa ake kira.

Ya yanko fatar wani tsohon takalmi ruwan ƙasa, ya cusa mata soso, ya tsaga layi-layi a baya da wuƙa, ya goge da man takalmi har tana ɗaukar ido. Ƙafafu ya yi su da igiyar takalmi da waya a ciki. Idanu kuwa 'yan ƙarafan nan ne masu rami da ake zura igiya. Da ya gama ya riƙe shi nesa, ya karkata kai, ya ce, "Bai da kwarjini." Sai ya ɗauko ƙananan ƙusoshin dunduniya ya jera masa a baki, sama da ƙasa.

Na ce, "Anya suna da haƙora?"

Ya ce, "Ni da suka yi ta cizo na shekara da shekaru a gidan haya kake tambaya? Suna da su, har da na hikima."

Na kai shi shago a cikin hula. Na ɗora shi a farar takarda, na ja baya daidai inda gilashina yake jin daɗi, na leƙa. Malam, ya cika hoto dam, daga kai har gindi tas, ba hazo, ba bakan gizo. Ban riƙe numfashi ba. Na ɗaga hannu na ce "tsaya cak!" Ya tsaya. Ka ga ɗan halak.

Ga lissafin, don kada wani ya ce an yi cuta. Yaro ya ce makiro na gaskiya shi ne ƙwaro ya fito babba, dalla-dalla. Ya fito babba? Ya fito. Dalla-dalla? Har ka ƙirga haƙoransa. Ta wace hanya aka bi, wannan tsakanin mutum ne da gilashinsa.

Mataki na takwas: Ranar hukunci, ka karrama alƙali

Da mai feshi ya shigo, na yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na tashi na ce, "Bismillah, zauna a nan." Na ba shi kujerata. Alƙalin da ya ji laushin matashinka da wuya ya yanke maka hukunci mai tauri.

Surukina ya fara ajiye nasa. Zan faɗi gaskiya, don ni ba na hassada: ba laifi. Ƙwaron ya fito kamar an zuba zuma an daskarar, da 'yan gashi siri-siri ruwan zinariya a gefensa, kowanne a tsaye shi kaɗai, da ɗan idonsa kamar 'ya'yan itace. Irin abin da na riga na gani tun da daɗewa, amma ba laifi.

Mai feshi ya daɗe yana kallo, yana sosa bayan cinya. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe haka yake da kyau? Wannan ai kamar ɗan kunne. Samari, in na kafa wannan a ƙofata, wa zai zo a kashe masa shi? Sai dai a zo saye."

Sai na zare nawa daga ambulan, a hankali, na ɗora a kai.

'Yata ta ja da baya ta ce, "Innalillahi!" Mai feshi ya buga cinya, ko don murna ko don wani dalili, ya ce, "Yauwa! Wannan shi ne maƙiyin da nake yaƙa! Dubi baki!"

Surukina ya sunkuya a kan hoton. Ya daɗe. Kunnuwansa suka yi ta motsi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Baba, ka gafarce ni. Kuɗin cizo ba shi da haƙora. Ɗan tsinke gare shi da yake tsotso."

Na ce, "Ka taɓa buɗe bakinsa ka duba?"

"A'a, Baba, amma..."

"To ni na buɗe."

"Kuma, Baba, nan gefen cikinsa kamar... kamar ɗinki."

Na ce, "Tsohon ƙwaro ne. Ya sha gwagwarmaya. Kai ma in ka kai shekaruna za a ga ɗinki a jikinka."

Ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya dube ni, ya rufe. Ka ga amfanin suruki mai kunya. Da ɗan cikina ne da tuni ya tona ni a gaban baƙo.

Mai feshi ya ce, "Ni dai na zaɓa. Na Baba nake so." Yana faɗa yana sosa ƙugu da hannu biyu. Ya miƙe a hankali. Mutumin nan sana'arsa ke nan, jikinsa ya san abin da idonsa bai gani ba tukuna. Ya juya ya ɗaga matashin kujerata.

Ba zan kwatanta maka abin da ke ƙarƙashi ba. Ka dai san na ce sun fara iyali. To, sun yi jikoki. Ga kuma kwalbarsa a kwance a tsakiyarsu, murfi a sassauce.

Ya ce, "Baba, wannan ba kwalbata ba ce?"

Na ce, "Ka ga yadda na riƙe maka amana. Ka ba ni kaɗan, na mayar maka da yawa."

Mataki na tara: Karɓi nasararka, kada ka bar ko ƙafa ɗaya

An rufe shago an yi feshi, benci da labule da kanta, har bayan hotunan bango. Da aka zo kan kujera, mai feshi ya girgiza kai. Ya ce tsohon katako ne, duk tsaguwa, ƙwai ya shige inda magani ba ya kaiwa. Wuta ce kawai maganinta.

Na zauna a kanta na riƙe hannuwanta biyu. Na ce sai dai a haɗa da ni.

'Yata ta tsaya a gabana ta harɗe hannu. Na ga mahaifiyata sak. Ta ce, "Baba, ni na yi alkawari a gaban shaida, kuma alkawari kaya ne. Mai feshi ya zaɓi hotonka. Kujera taka ce, ba mai taɓa maka ita."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Ta ce, "Amin. Amma ba za ta sake kwana a cikin shagon nan ba."

Ita da mijinta suka kama, ɗaya dama ɗaya hagu, ina kai, suka fito da ni kamar wani basarake, suka sauke ni a ƙarƙashin rumfar ƙofa. Surukina yana ta cewa, "Sannu, Baba. Yi haƙuri, Baba. A nan iska ta fi." Ya koma ciki ya jawo wata kujerar roba ya sa a bayan kanta.

Masu gajeren tunani za su ce an fitar da ni. Kai ka yi lissafi da kanka. Wa mai shigowa yake fara gani? Ni. Wa yake fara gaisarwa? Ni, ko da daga nesa-nesa yake ɗago hannu. Shi yaron yana ciki a kan roba, yana ta fama da ɗaya-da-ɗayansa, mai sayar da zobe ya kawo, mai gyaran agogo ya kawo, ba ya ko samun sararin miƙe ƙafa. Ni kuwa daga inda nake ina hango allon mai feshi a ƙarshen layi, haƙora a waje, yara suna bi ta ɗaya gefen titi don tsoro. Matsala ɗaya ce, shumeka ya mayar da wurin zamansa ƙarƙashin allon, duk wanda ya tsaya kallo sai ya ce masa, "Aikina ne, dubi ɗinkin." Hassada ce irin ta masu sana'a. Kada ka kula shi.

Abin da ba ruwana da shi

Na ba ka ilimi kyauta, ban ce ka kai ƙarata ba. In matarka ta daina yi maka magana saboda tabarau, tsakaninku ne. In jininka ya ragu, ka tambayi wanda ya sha. In maƙwabta suka daina ba ka hannu, in tela ya ce ba zai karɓi rigarka ba sai an tafasa ta, in surukinka ba shi da kunya irin ta nawa ya tona ka a gaban jama'a, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. In kuma ka ga kuskure a rubutun nan, na mai buga takardun da nake faɗa wa ne, don tun da muka fara yake tsaye a bakin ƙofarsa da na'urarsa ta rubutu a hannu, ya ƙi matsowa ya ji da kyau.

Wanda kuma yake ganin ƙarya nake yi, ko yake cewa ba ni na ci gasar nan ba, ba sai mun yi musu ba. Gani ya kori ji. Ina nan ƙofar shago kullum, daga buɗewa har rufewa. Ya zo, zan tashi da kaina in ba shi wuri. Ya zauna a kujerar mai nasara, ya ɗora hannuwansa biyu a kan gwiwa, in ɗaga hannu in ce masa "tsaya cak!"

In ya iya tsayawa har in ɗauki hotonsa, na bar masa ita.